Birkin Injin Sassaƙar Ƙarfe: Jawabin Malaman Fasaha a Taron Reshe

Maganarmu a kan injin sassaƙar ƙarfe take, kuma muna roƙon malaman Hausa da na tarihi kada su ɗauka ba tasu ba ce, domin har da 'ya'yansu a cikin masu tsayawa gaban injin nan.

Yawancin injunan da muka gada a ɗakunan koyon sana'a wuta mai layi uku suke bukata, alhali makarantu da dama layi ɗaya suke samu. Shi ya sa aka fara sayo na'urar da ake kira VFD. Takan karɓi wuta mai bolt 230, ta miƙar da ita, ta tara ta cikin kafasito inda ƙarfinta ke kaiwa wajen bolt 325, sannan ta fitar da ita layi uku zuwa ga moton injin. Wutar ƙasarmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa; na'urar na iya rage wannan adadi ko ƙara shi, gudun moto kuwa ya bi. Har nan babu abin ƙi.

Wahalar tana wajen tsayawa. Kan injin, wato cok ɗin da ke damƙe ƙarfen da ake sassaƙa, abu ne mai nauyi, kuma in ya ɗauki gudu ba ya son a dakatar da shi. Idan na'urar ta rage gudu da sauri, cok ɗin ne ke jan moto, moton ya rikiɗe ya zama janareta, ya turo wuta baya. Wutar nan ba ta da hanyar komawa layin gari, sai ta taru a kafasito. Da ta kusa bolt 400, na'urar sai ta kashe kanta don kada ta ƙone, ta saki moton.

Mun ga haka da idonmu a wani ɗakin aiki. Wani abokin aikinmu, da kyakkyawar niyya, ya rage lokacin tsayawa zuwa daƙiƙa ɗaya don kare yara. Aka danna maɓallin tsayawa, na'urar ta nuna alamar wuta ta yi yawa, cok ya ci gaba da juyawa abinsa har ya gaji. Garin neman gira aka rasa ido. Ku ƙaddara hannun rigar ɗalibi ne ya laƙe a lokacin.

Maganin wannan ɗan ƙaramin abu ne, rizistan birki. Idan wutar kafasito ta kai wajen bolt 380, wani makunni a cikin na'urar yakan karkatar da rarar zuwa rizistan, shi kuma ya mayar da ita zafi. Lamba biyu ake dubawa a jikinsa. Ta farko, yawan om: littafin kowace na'ura yana faɗin mafi ƙarancin da za ta iya ɗauka, kuma wanda ya sa ƙasa da haka don neman birki mai kaifi, makunnin zai ƙona. Ta biyu, yawan wat, wato zafin da zai jure. Malaman lissafi za su tabbatar mana cewa rizista mai om 100 a kan bolt 380 yana shan wat 1,444 muddin birki na kamawa. Na 'yan daƙiƙu ne, shi ya sa ƙarami kan wadatar a injin da ake tsayarwa jifa-jifa. Amma a aji, inda yara ke layi kowa na tayarwa yana tsayarwa, rizistan ba ya samun hutun hucewa. A tuna kuma, in aka ninka gudun cok sau biyu, ƙarfin da birki zai shanye ya ninku sau huɗu. Don haka a kafa shi inda iska ke ratsawa, nesa da tsumma mai maiƙo da garin katako.

Saitin na'urar ma yana da nasa ƙa'idoji. A shigar mata da abin da ke rubuce a farantin moto: bolt, amfiya da yawan juyi a minti. Moton da aka rubuta wa 230/400, in na'urar mai bolt 230 ce, ɗaurin delta ake yi masa. Na'urori da yawa suna da saitin da ke tsawaita lokacin tsayawa da kansa, kuma littattafansu kan ce a kashe shi in an sa rizista. Tsohon makunnin gaba da baya kada a bar shi tsakanin na'ura da moto, a mayar da shi kan ƙananan wayoyin umarni. Tsofaffin injuna masu cok na murɗawa kuwa, birki mai tsanani na iya kwance cok ɗin ya faɗo. A kansu daƙiƙa uku ko huɗu sun fi ɗaya aminci. Bayan an kashe wuta, kafasito na riƙe da ita na wasu mintuna, sai a jira iya abin da littafi ya ce kafin a buɗe murfi.

Roƙonmu ga reshe shi ne ya rubuta wa hukumomin makarantu cewa kada a karɓi VFD na injin sassaƙa sai an tabbatar tana da makunnin birki a ciki, an haɗo da rizistanta da littafinta, kuma malamin da zai tsaya da yara ya halarci saitin. Mu kuma mun ɗauki alkawarin gwada kowane inji a makon farko na zango: mu tayar da shi a gudu mafi girma da cok mafi nauyi, mu tsayar da shi da agogo a hannu, mu rubuta daƙiƙun a manna a jikinsa.