Riƙe Shafukan Sada Zumunta: Aikin da Ake Ɗauka Wasa Ne

 

An roƙe mu mu yi magana a kan sana'armu. Kamfaninmu ƙarami ne a nan Jos, mu shida ne kawai. Muna zana tambari da takardun talla, muna ɗaukar hoto da bidiyo, muna kuma riƙe wa masu sana'a shafukansu na Facebook, Instagram, TikTok da WhatsApp. Masu ba mu aiki su ne teloli, masu gidan abinci, makarantun kuɗi da masu sayar da amfanin gona. Matasa da yawa a cikinku suna marmarin shiga wannan aiki, wasu iyaye kuwa suna ganin latse-latsen waya ne kawai. Za mu faɗi wahalolinsa guda biyar a fili, domin mai son shiga ya san abin da zai tarar.

Na farko, aikin ba shi da lokacin tashi. A babban kamfani akwai mai rubutu, akwai mai zane, akwai mai amsa saƙonni. A wurinmu mutum ɗaya ne yake yin duka, kuma yakan riƙe shafukan mutum huɗu ko biyar a lokaci guda. Mai saye yana iya tambayar kuɗin atamfa da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Idan ba a amsa ba ya tafi wani wuri, da safe mai shago ya kira yana faɗa. Mun ga ma'aikata da suka daina samun barci, suka daina zama da iyali, har suka bar aikin. Saboda haka muka kafa doka: kowane shafi yana ɗauke da lokacin da ake amsa saƙo, ma'aikata suna karɓa-karɓa a ƙarshen mako, kuma wayar aiki daban take da wayar gida. Taura biyu ba ta taunuwa.

Na biyu, abin da mai ba da aiki yake so yakan bambanta da abin da zai amfane shi. Yawancinsu mabiya suke ƙirgawa. Wani mai gidan abinci ya taɓa ce mana maƙwabcinsa yana da mabiya dubu ashirin, don haka shi ma a samo masa kafin wata ya ƙare. Akwai masu sayar da mabiya na ƙarya, amma waɗannan ba sa cin tuwo, ba sa ɗinka riga. Kuma Facebook ba ya nuna abin da ka wallafa ga dukan mabiyanka. Na'urarsa ce take zaɓa, kuma a shekarar 2018 kamfanin ya sanar da cewa zai fifita abubuwan 'yan'uwa da abokai a kan na shafukan kasuwanci. Tun daga nan wanda bai biya kuɗin talla ba, mutane kaɗan ne suke ganinsa. Wannan ya sa kafin mu karɓi aiki muke zama da mai shi mu rubuta yarjejeniya: sau nawa za a wallafa a mako, sau nawa za a yi gyara a kan zane ɗaya, wa zai ba da izini kafin a saki, da ranar biya. Muna auna nasara da yawan waɗanda suka kira ko suka saya.

Na uku, tsadar kayan aiki. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500, daga baya ta wuce haka. Mu kuwa in an ɗauke wuta, janareto ne yake riƙe kwamfutocinmu. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura 1,500, alhali manhajojin zane da haɗa bidiyo da dala ake biyan su. Tun Janairun 2022 aka fara ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan tallan Facebook a Nijeriya. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Duk wannan yana faruwa, mai shago yana so a yi masa aiki a tsohon farashi, wani ma ya ce ai ɗan ƙaninsa zai yi masa kyauta. 'Yan'uwa matasa, ku lissafa data, fetur, kuɗin mota da lokacinku kafin ku yanka farashi, kuma ku karɓi rabin kuɗi kafin ku fara.

Na huɗu, rumfar da muke kasa kaya a cikinta ba tamu ba ce. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X, daga Yunin 2021 har zuwa Janairun 2022. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka yi haka a wasu ƙananan hukumomi na Katsina, Sakkwato da Kaduna. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook, Instagram da WhatsApp suka tsaya cak na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. A Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, aiki ya tsaya a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. Ban da waɗannan akwai 'yan damfara masu aiko saƙo da sunan kamfanin Meta, suna cewa za a rufe shafinka in ba ka latsa wani wuri ba. Wanda ya latsa ya saka kalmar sirrinsa, shafin da ya yi shekaru yana ginawa ya tafi, kuma ma'aikacin da yake riƙe da shi ne za a fara tuhuma. Rigakafi ya fi magani. A sa tabbaci mai mataki biyu a kowane shafi. Mai sana'a ya zama shi ne babban mai iko da shafinsa, kamfani ya zama mataimaki. A kuma rubuta sunaye da lambobin masu saye a littafi, da yardarsu, a tsare su da kyau, domin tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan.

Na biyar shi ne mafi nauyi, wato amana. Magana zarar bunu ce. Wanda yake riƙe da shafin wani, da bakin wannan mutum yake magana. Idan aka zage shi a shafi ba shi da damar ramawa, sai ya haɗiye ya amsa da ladabi. A wannan jiha tamu mun san abin da jita-jita take haifarwa. A 2018 BBC ta yi bincike a kan yadda hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook suka ƙara rura wutar rikicin Filato na watan Yunin shekarar. Saboda haka a lokacin tashin hankali mukan dakatar da tallan da aka riga aka tsara, mu goge kalaman ƙiyayya daga shafukan da muke riƙewa, kuma ba ma tura hoton da ba mu san asalinsa ba. Haka nan mukan ƙi tallan maganin da aka ce yana warkar da kowace cuta, ko da kuɗin yana da yawa. Dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON mai kula da tallace-tallace ta shafi tallan intanet ma, kuma mu ne maƙwabta za su tambaya idan wani ya cutu.

Ga roƙonmu. Iyaye, idan kun ga ɗanku ko 'yarku a kan waya da sunan wannan aiki, ku tambaye su wa suke yi wa aiki, nawa ake biyan su, kuma yaushe suke hutawa. Masu sana'a, ku biya a kan lokaci, ku girmama lokacin hutun mai yi muku aiki. Matasa, ku koyi rubutu mai kyau da Hausa da Turanci, ku koyi lissafi, ku koyi haƙuri da mutane, domin manhajar da kuka iya bana tana iya canjawa baɗi. Sana'a ce da take ciyar da gida, kuma ƙofarmu a buɗe take ga mai son koyo.

 Idan akwai tambaya, muna nan.