Cinikin da ke ciyar da kansa: jawabi ga hakimai da magatakardansu



Abin da za mu duba yau shi ne dalilin da ya sa mutum biyu su kan fara sana'a rana ɗaya, da jari daidai wa daida, amma bayan shekara goma a tarar ɗaya yana nan inda ya fara, ɗayan kuwa ya tara yara da rassa a garuruwa. Mutane su kan ce rabo ne. Ba a musun rabo, amma akwai wata ƙa'ida a ciki wadda ya kamata shugaban jama'a ya sani, domin arzikin gundumarsa ya rataya a kanta.

Kowa ya san manomi ba ya cinye hatsinsa duka, ya kan ware iri. Irin nan shi zai ba da amfanin baɗi, amfanin baɗi kuma ya ba da irin da ya fi na bana yawa. To, haka ciniki ya ke. Akwai cinikin da in an sayar an karɓi kuɗi, magana ta ƙare, gobe sai a sake neman mai saye daga farko. Akwai kuma wanda kowane saye da aka yi ya kan bar wani abu da zai jawo saye na gaba. Wannan shi masana ciniki na zamani ke kira zagayen bunƙasa, watau ƙarshen aiki ya komo ya zama mafarinsa, kowane kewayo kuwa ya fi na bayansa faɗi.

Bari mu fara da misali daga Amurka, inda abin da ke komowa shi ne araha. A shekarar 1908 Henry Ford ya fito da motarsa Model T, ana sayad da ita dala 850. A 1913 ya shirya masana'antarsa yadda mota ke tafiya bisa layi, kowane ma'aikaci yana tsaye wuri ɗaya yana ɗaura abu ɗaya. Aikin harhaɗawa da ke cin fiye da awa 12 ya komo kamar awa ɗaya da rabi. Da kuɗin ƙira ya ragu sai ya rage kuɗin mota. Da ta yi araha masu saye suka ƙaru. Da suka ƙaru ya ƙera da yawa, kuɗin ƙirar kowace ɗaya ya sake raguwa. A 1925 motar ta sauko dala 260, kafin a daina ƙera ta a 1927 kuwa an yi kamar miliyan 15.

Wani lokaci abin da ke komowa taron jama'a ne. Wannan ba baƙo ba ne gare ku, don haka kasuwar ƙauye ke kafuwa: mai saye ya kan tafi inda 'yan kasuwa su ke, ɗan kasuwa kuma ya kan kai kayansa inda masu saye su ke. Sababbin kamfanoni na zamanin waya da intanet bisa wannan su ke gina kansu. A ƙasar Kenya, a 2007, kamfanin Safaricom ya buɗe M-Pesa, hanyar aika kuɗi ta wayar hannu. Duk wanda ya aika wa mahaifiyarsa kuɗi ƙauye ya jawo ta ciki ke nan. Da masu karɓa suka yi yawa a ƙauye, sai mai kanti ya ga akwai la'ada in ya zama wakili mai biyan kuɗin. Da wakili ya samu kusa, waɗanda da su ke shakka suka shiga. Masu POS da ku ke gani a bakin kasuwanninmu irin wannan zagaye ne ya yaɗa su.

Yanzu mu komo gida, ga misalin da ya fi kowanne kusa da mu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe hanyar ga kaya a 1912. Turawa auduga su ke fata, manoma kuwa suka ga gyaɗa ta fi riba, suka kama ta. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro, ya zama mai saye wa Kamfanin Neja gyaɗa a 1918. Ya kan ba yaransa kuɗi tun kafin kaka su bazu ƙauyuka. Wanda ya riƙe amana a ƙara masa jari, ya kawo gyaɗa fiye da ta bara, ribar da aka samu kuma ta zama jarin sababbin yara. A nan abu biyu ke komowa tare, kuɗi da amana. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Amma ku lura, ranku ya daɗe, zagayen nan yadda ya ke hawa haka ya ke sauka. Bayan an kafa hukumar sayen gyaɗa a 1949, kuɗin da a kan biya manomi ya kan gaza abin da gyaɗar ke samowa a kasuwar duniya, watau irin da ya kamata ya komo gona ya tafi wani wuri. Sa'an nan fari ya zo a 1972 zuwa 1974, a 1975 kuma wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta auka wa gyaɗa, alhali hankalin hukuma ya koma ga man fetur. Manomi ya rage shuka, mai saye ya rage zuwa, da mai saye ya ɗauke ƙafa manomi ya ƙara ragewa. Dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita ta zama labari.

Har wa yau akwai zagaye na ƙarya, wanda tilas ku tsare talakawanku daga gare shi. Shi ne wanda a ke biyan na farko da kuɗin na baya, babu noma, babu ƙira, babu kayan da aka sayar. Irinsa ne MMM, wanda ya rufe asusun mutane a Nijeriya a watan Disamba 2016, dukiyar bayin Allah da yawa ta salwanta. Alamarsa ita ce alkawarin riba mai yawa da ba a faɗin inda ta ke fitowa.

To, mene ne aikin hakimi a nan? Ba shi zai juya zagayen ba, amma shi ke tsaron mahaɗansa. Mudu da ma'auni su zama na gaskiya, domin baƙon da aka cuta sau ɗaya ba ya komowa, kuma zai hana goma zuwa. Kada a yawaita karɓe-karɓe a bakin kasuwa har su cinye ribar da za ta koma jari. Rigimar bashi a sasanta ta da wuri, don amana ita ce jarin wanda ba shi da kuɗi. Hanyar da ta lalace a kai kukanta ga ƙaramar hukuma tun kafin damina.

Ku kuma malamai, ku buɗe littafi ga kowace kasuwa. Ku rubuta yawan rumfunan da aka buɗe ran kasuwa, da motocin da suka yi lodi, da baƙin 'yan kasuwan da suka sake dawowa. Lissafin wata shida zai nuna wa hakimi ko kasuwarsa hawa ta ke yi ko sauka, tun gyara yana da sauƙi.

In kuwa saurayi ya zo neman fili ko takardar shaida don sabuwar sana'a, ku tambaye shi abu ɗaya: wanda ya saya a wurinka yau, me zai bar maka da zai kawo na gobe? In ya iya amsawa, ku taimake shi. In bai iya ba, ku zaunar da shi ku yi lissafin tare, kafin ya sayad da gonar gado.

Allah ya ja zamaninku, ya albarkaci kasuwanninku.