Kafin a Canja Manhajar Ofis

An nemi in yi magana a kan abin da zai tarye mu da zarar mun kama aiki, wato yadda ma'aikata za ta zaɓi manhajar rubutu da lissafi sa'ad da ta tashi canja tsohuwa.

Abin da ya sa maganar ta taso shi ne, a ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Office 2016 da Office 2019. Ba su daina aiki ba, amma duk kafar da ɓarayin intanet suka gano a cikinsu, ba mai toshe ta. Ofishin da ke riƙe da takardun albashi ko sakamakon jarrabawa bai kamata ya kwana da ƙofa a buɗe ba.

To, hanyoyi uku ne a gabansa. Ta farko ita ce saye sau ɗaya, kamar Office 2024, wanda ya fito a Oktoba 2024, za a kuma kula da shi har 2029. Office 2021 kuwa wa'adinsa Oktoba 2026 ne, don haka sayensa asara ce. Ta biyu ita ce haya, wato Microsoft 365, wanda ake biya duk wata ko duk shekara. Kullum ana sabunta shi, amma yana bukatar intanet lokaci-lokaci, kuma in biya ya tsaya, gyaran takardu ya tsaya. Wanda ya ga yadda darajar naira ta faɗi daga 2023 ya san nauyin irin wannan alkawari. Ta uku ita ce LibreOffice, wadda aka kafa a 2010, kyauta ce ga kowa. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta ƙasar Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutoci kimanin 30,000 kanta. Sai dai birnin Munich ya taɓa bin hanyar manhajar kyauta, a 2017 kuma majalisarsa ta zaɓi komawa Windows. Ashe kyauta ma tana da tsadarta, wato horar da ma'aikata da gyara tsofaffin takardu.

Jama'a, sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin a kashe ko kwabo, a ɗauko takardun da ake aiki da su yau da kullum, a buɗe su a kowace manhaja. Ga misali: akwai wata dabarar lissafi a Excel mai suna XLOOKUP, tana cikin Office 2021 da na bayansa, amma babu ita a 2016 da 2019. Idan akanta ya yi lissafi da ita, akawun da ke kan tsohuwar manhaja ba zai iya ci gaba da aikin ba. Saboda haka kada a canja wa rabin ofis a bar rabi. A duba kuma ko kwamfutocin za su iya ɗauka, a tabbata ɓ da ɗ da ƙ suna fita daidai a takarda, a kuma tambayi masu buga wasiƙu, don su ne za su sha wahalar kuskurenmu.

Ranar da aka ɗora muku wannan shawara, ku lissafa kuɗin shekara biyar, ba na ranar saye kaɗai ba.