Likita Ya Ce A Zauna, Uba Ya Ce A Tafi Gida

Shugaban wannan zama, iyayenmu masu riƙe da sarautun ƙasar Gumel, malamai, likitoci da ma'aikatan jinya, ɗalibai, 'yan uwa maza da mata da suka taso daga Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

An nemi in yi magana a kan saɓanin da ke shiga tsakanin iyaye da likitoci idan yaro ya kwanta ciwon da ba a sa ran zai tashi. Na san a ɗakin nan akwai waɗanda suka taɓa tsayuwa a gefen gadon irin wannan yaro, wasu da farar riga, wasu da carbi a hannu. Saboda haka zan bi a hankali, amma ba zan ɓoye ra'ayina ba.

Bari mu fara da inda wannan rigima ta fi yin suna. A watan Agustan 2016 aka haifi wani yaro a Ingila mai suna Charlie Gard. Bai daɗe ba aka gano yana da wata cuta ta gado da ke cinye ƙarfin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, har ya kai ba ya iya numfashi sai da na'ura. Likitocin asibitin yara na Great Ormond Street a Landan suka ce ci gaba da riƙe shi a kan na'ura azabtarwa ce kawai. Iyayen suka ce atafau ba su yarda ba. Suka tara fiye da fam miliyan 1.3 daga hannun jama'a domin su kai shi Amurka a gwada wani sabon magani. Aka tafi kotu. Daga babbar kotu zuwa kotun ɗaukaka ƙara, zuwa kotun ƙoli, har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, kowace ta bar hukuncin a hannun likitoci. Fafaroma ya sa baki, shugaban Amurka ya sa baki. Yaron ya rasu ranar 28 ga Yulin 2017, saura mako guda ya cika shekara. Abin da nake so ku riƙe shi ne roƙon ƙarshe na iyayen: da suka haƙura da Amurka, sai suka nemi a ba su ɗansu ya cika a gida. Wannan ma ba su samu ba.

A 2018 aka sake irinta da Alfie Evans a birnin Liverpool. Amma a 2019 hukunci ya juya. Tafida Raqeeb, yarinya 'yar shekara biyar, ɗiyar Musulmi 'yan asalin Bangaladash, jijiyar jini ta fashe mata a ƙwaƙwalwa. Asibitin Landan ya ce a cire na'ura, iyayen suka kawo fatawa suka ce addininsu bai yarda ba, kuma akwai asibitin yara a Genoa ta Italiya da ya ce a kawo ta. A watan Oktoba alƙali ya ba su izini, yana mai la'akari da cewa da alama yarinyar ba ta jin zafi, kuma tarbiyyar addinin da ta tashi a ciki tana da nauyi a ma'auni.

To, wannan can ke nan, inda gwamnati ke biyan kuɗin gado da na'ura, iyaye kuma su ce a ci gaba, likita ya ce a tsaya. A nan wurinmu abin a kife yake. Likita ne ke cewa a zauna, ko a wuce Dutse, ko a wuce asibitin Malam Aminu Kano. Uba ne ke cewa a ba shi ɗansa. Kuma ba a zuwa kotu, ba a shiga jarida. Takarda guda ake miƙowa, wadda ke cewa ya ɗauke yaron ba da yardar likita ba, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, shi ke nan rigima ta ƙare.

Ku kalli ɗakin yara na kowane babban asibiti a wannan yanki da safe. Uwa ta kwana a tabarma a gindin gado, ta san sau nawa yaron ya yi amai, ta san lokacin da ya daina karɓar kunu. Likita ya shigo zagaye, ya duba fayil, ya yi magana da ɗalibi ko nas da Turanci, ya rubuta wata takardar gwaji, ya wuce gado na gaba, domin akwai wasu talatin suna jiransa. Uban yana waje a inuwar darbejiya. Ranar Alhamis da ta wuce ya kai bijiminsa na noma kasuwar Maigatari, kuɗin sun tafi a ledar jini da allurai da hoto, yanzu yana lissafin ko gonar zai jinginar. Wani ma daga Dungas ko Magarya ya ƙetaro iyaka, sefarsa ta ƙare a hannun 'yan canji. A gida kuma kaka ta aiko cewa wannan ciwo ba na asibiti ba ne, a dawo a gwada na gida. Wanda ya fi kowa sanin halin yaron, wato uwa, ita ce ba a tambaya. In ɗan fari ne ma, kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki a gaban surukai ba.

Shin wannan uba ya san cewa ɗansa ba zai tashi ba? Sau da yawa babu wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa. Abin da ya ji shi ne "sai dai a ci gaba da addu'a", kuma wannan magana ce da ake yi wa mai zazzaɓi da mai gargara baki ɗaya. Wani lokaci kuma akasin haka ne: ciwon yana da magani, amma ba a fahimtar da shi ba, ya ga kuɗi na zurarewa, ya ɗauka ana yi masa wayo ne. Daga nan likita ya ce jahilci ne, uba ya ce rashin tausayi ne. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

A ganina duk rikicin yana tasowa ne daga haɗa yara biyu a gado ɗaya. Akwai yaron da zai warke in an yi masa magani, akwai kuma wanda magani ya riga ya gaza a kansa. Hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Game da na farko, doka ta yi magana. A 1997 a Legas, wani jariri ɗan wata guda ya rasa jini, mahaifiyarsa mabiyar ɗarikar Shaidun Jehobah ta ƙi a ƙara masa. Likita ya sanar da 'yan sanda, aka samo umarnin majistare, aka ƙara jinin, yaron ya rayu. Uwar ta kai ƙara, shari'ar da ake kira ta Esabunor da Faweya, sai a 2019 Kotun Ƙoli ta rufe ta: baligi yana da ikon ƙin magani a jikinsa, kamar yadda kotun ta riga ta faɗa a shari'ar Dakta Okonkwo a 2001, amma iyaye ba su da ikon zaɓa wa yaro mutuwa alhali akwai ceto. Jiharmu ma ta samu dokar kare yara a ƙarshen 2021, lokacin Gwamna Badaru. Ni ina tare da wannan hukunci ɗari bisa ɗari. Yaro mai sikila da jininsa ya ƙone, ko mai sanƙarau, ko mai tamowa, ɗauke shi daga asibiti a kai wa mai hayaƙi cin amana ne, ko da soyayya ce ta jawo. Sai dai in tambayi masu doka: uban da ya ɗauke ɗansa don aljihunsa ya bushe, wa za a gurfanar, shi ko wanda ya bar asibiti ba magani?

Kada kuma a yi saurin jefa yaro a rukuni na biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu ciwon daji suna warkewa, a ƙasashe irin namu kuwa ba su kai kashi 30 ba. Dajin nan da ke kumbura muƙamuƙin yaro, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, yana jin magani sosai in an zo da wuri. Yaranmu da yawa ba ciwon ne ya fi ƙarfin magani ba, makara ce da talauci suka mayar da shi haka.

Amma idan an kai inda aka kai, daji ya bazu, ƙoda ta tsaya, ƙwaƙwalwa ta mutu, to a nan ina bayan uban da ya ce zai tafi gida. Ba laifi ya yi ba. Abin da iyayen Charlie Gard suka roƙa a gaban alƙali ke nan. Yaro ya cika a ɗakin uwarsa, kakarsa na shafa masa kai, ana yi masa kalmar shahada, a yi masa sutura a garinsu kafin rana ta faɗi, ba a sha wahalar ɗauko gawa daga Kano ba, wannan gata ne. Malamai na nan za su gyara mini, amma abin da na sani shi ne manyan majalisun fiƙihu sun daɗe da duba wannan mas'ala. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986, da ta Rabiɗa a Makka a 1987, duk sun halatta cire na'ura idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu, ta Makka ta ce su zama uku. Abin da ba a halatta ba shi ne a yi wa mara lafiya abin da zai kashe shi. Barin maganin da ba ya amfani daban, kisa daban. Sai dai fa, likitoci uku ƙwararru a lokaci guda, a Gagarawa, wannan sai mu ce Allah ya kawo mu zamanin.

Akwai abin da ya kamata likitocinmu matasa su tuna idan suka ga uba yana musu kallon zargi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Mutumin ƙauye bai karanta rahoto ba, amma labari ya iso masa. Yarda ba ta zuwa da farar riga kawai, sai an zauna an yi magana da Hausar da yake ji.

Yanzu ga inda zuciyata ta fi ƙuna. Da zarar uba ya dangwala yatsa, asibiti ya wanke hannunsa. A cire allurar ƙarin ruwa, a naɗe tabarma, a hau mota. Yaron da daji ke ci a ƙashi ya koma ƙauye da farasitamol. Duk wanda ya taɓa jin kukan irin wannan yaro cikin dare, maƙwabta ma ba sa barci, ya san abin da nake nufi. Alhali akwai magani. Ruwan mofin da ake ɗiga wa mara lafiya a baki ba shi da tsada. Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa Hospice Africa a Yuganda a 1993, suka riƙa haɗa shi a kwalba, daga baya ƙasar ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi, suna bin marasa lafiya har gida. A Najeriya asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen irin wannan kulawa, amma a mafi yawan ƙasar nan sai a manyan asibitocin birni ake ganin maganin. Abin takaici, tiramol yana yawo a aljihun samarinmu a tasha, kodin sai da gwamnati ta hana shi a 2018 saboda yawan sha, amma yaron da ke da haƙƙin maganin zafi bai samu ba. Tsoron 'yan ƙwaya ya sa mun hukunta marasa lafiya.

Saboda haka ga roƙona. Likitoci, kafin ku miƙa takardar nan, ku ware minti goma, ku kira uba, ku kira uwa ita ma ta zauna, in da hali da wani dattijo ko limamin da suka yarda da shi. Ku faɗa musu a fili: wannan zai warke in kun zauna, ko wannan mun kai iyakarmu. Faɗin gaskiya ba shiga hurumin Allah ba ne. In za su tafi, su tafi da maganin zafi, da bayanin yadda za su ba shi, da lambar wayar da za su kira, da sanin cewa in sun dawo ba za a tarbe su da gori ba.

Iyaye, ku yi tambaya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ba ku haƙƙin a yi muku bayanin ciwo da hanyoyin magani. Ku tambayi likita kai tsaye, in an yi wannan aiki akwai fatan warkewa, ko kwana kawai zai ƙara? Kada ku sayar da gonar da sauran yaran za su ci a kan abin da ba ku gane ba, kada kuma ku ɗauke yaron da leda biyu ta jini za ta tayar.

Malamai, ku taɓo wannan a huɗuba, domin maganarku ta fi tamu shiga. Masu mulki da wakilanmu na majalisa da ke zaune a nan gaba, gwamnati ta ga dacewar kafa yankin ciniki maras shinge a Maigatari saboda kayan da ke ƙetare iyaka, marasa lafiya ma suna ƙetarowa kullum. A samar da ruwan mofin a babban asibitin Gumel ƙarƙashin kulawar mai haɗa magani, a horar da nas biyu ko uku da za su riƙa bin waɗannan yara gida, a kafa ɗan kwamiti na likita da nas da malami da wakilin masarauta wanda za a kira idan iyaye da asibiti suka saɓa. Ina roƙon a sa wannan a kasafin kuɗin shekara mai zuwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.