Jawabi ga masunta da makiyaya: tabki na kowa ne

Jama'ar Zabori,

Tabkunan Dallol Mawri su ne arzikin wannan ƙasa. Nan dabbobi ke sha, nan ake kamun kifi, nan ake noman rani. Amma abu biyu na ɓata su.

Na farko gansakuka. Idan rani ya yi zafi, ruwa ya ragu, ya ɗumama. Kashin shanu da takin zamani da suka gangaro su ne abincinta. Sai ruwa ya koma kore. In ta ruɓe, iskar cikin ruwa ta ƙare, kifi ya mutu. Wani koren ruwan yana da dafi, yana kashe dabba.

Na biyu baƙuwar kainuwa mai fure shuɗi. Asalinta Amurka ta Kudu. Ta shigo kogin Kwara a shekarun 1980, ta kai Gaya. Cikin zafi, mako 2 ya ishe ta ta ninka. Tana toshe hanyar jirgi, tana yaga taru. Ɗan guntunta da ya maƙale a koma yana iya cika tabki.

Ga abin yi:

Masunci da ya dawo daga kogi ya wanke jirgi da taru, ya shanya su.

Manomi kada ya zuba taki dab da ruwa.

Makiyayi kada ya shayar da dabba koren ruwa.

A yi gayya a tsamo kainuwa, a busar, a yi taki da ita.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa a dace.