Jawabin Maraba ga Sababbin Ɗaliban Injiniya

Mai girma Shugaban Jami'a, Shugaban Tsangayar Injiniya, 'yan'uwana malamai, iyayenmu da suka taso daga nesa, da ku 'ya'yanmu da aka rantsar yau.

Ni malamin lissafi ne, kuma labarin abin da ake faɗa a ɗakunan kwanan ɗalibai yana iso mana: wai lissafi ƙaya ce a hanyar injiniya, a haddace, a ci jarrabawa, a manta. To, ku ba ni aron kunnuwanku.

A shekarar 1744 masanin lissafi Leonhard Euler ya fitar da ƙa'idar lanƙwashewar ginshiƙi. Ginshiƙi siriri, in aka ninka tsayinsa ba a ƙara masa kauri ba, nauyin da zai ɗauka kafin ya lanƙwashe ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Ido ba ya ganin wannan. Magini da ya tsufa a sana'a yana iya tsallake shi, mai gida da ke son a ɗaga masa rufin falo kuwa ko tambaya ba zai yi ba. Wanda ya sa hannu a zanen, shi za a nema ranar da gini ya zube.

Ga wani misali: gadar Tacoma ta Amurka, a Yulin 1940 aka buɗe ta, ranar 7 ga Nuwamba ta faɗa ruwa. Ƙwararru ne suka zana ta, amma lissafinsu bai kama yadda iska za ta riƙa murɗa ta ba.

'Yan'uwana malamai, mu ma da sauran gyara. Mukan cika allo da alamomi, ɗalibi bai san ko ruwa ake aunawa ko ƙarfe ba. Mu fara nuna masa abin: ruwan da ke juya injinan madatsar Kainji, wutar da ke kai-komo sau 50 a daƙiƙa cikin wayoyinmu, sannan lissafin ya biyo baya. Kwamfuta za ta ba shi amsa nan take, amma in an shigar mata da kuskure, kuskuren za ta mayar masa, da adonsa.

Ku kuma 'ya'yanmu, duk ƙa'idar da aka rubuta muku, ku ɗaga hannu ku tambayi inda take aiki. Ofisoshinmu a buɗe suke, ku zo tun kafin jarrabawa ta ƙarato.

Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya mayar da iyayenmu gida lafiya.