Dutsen Kalambaina: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara a Kaduna

Mai girma Shugaban Ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai.

Waɗanda muka yi aji huɗu tare za su tuna ranar da malaminmu na labarin ƙasa ya loda mu a motar makaranta daga nan Kaduna har Sakkwato. Yawancinmu ɗokin ganin Hubbaren Shehu muke yi, sai ga shi ya fara tsayar da mu a wani ɗan ƙauye a gefen gari, wai shi Kalambaina. Ya tsinci wani farin dutse, ya ɗiga masa ruwan asid, nan take ya kama kumfa. Sannan ya nuna mana ɓawon katantanwa manne a jikinsa, ya ce, "Samari, inda kuke tsayen nan da teku ne."

Dariya muka yi, ashe gaskiya ce. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, teku ya ratso Sahara ya rufe ƙasar Sakkwato. Ɓawon halittun ruwan ne ya taru ya daskare ya zama dutsen farar ƙasa. Shimfiɗarsa ta ƙetara iyaka har Malbaza ta Jamhuriyar Nijar, inda su ma suke yin siminti. Mu nan Kaduna ba mu da irinsa, namu dutse mai tauri ne, dangin Kufena ta Zariya.

Saboda wannan dutse aka kafa kamfanin siminti na Arewa a 1962, zamanin Sardauna Ahmadu Bello. Ya fara aiki a Kalambaina a 1967 da tan 100,000 a shekara, yanzu kuwa yana cikin BUA Cement. Gidaje nawa, makarantu nawa aka gina da arzikin ƙauyen da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba?

Daga wannan tafiya na kama karatun duwatsu, da shi nake cin abinci har yau. To, makon jiya na ziyarci makarantarmu, na tambayi 'yan aji shida daga ina siminti yake fitowa. Wani ya ce daga kasuwa. Ba laifinsa ba ne, tunda ba a taɓa fita da su ko nan da Zariya ba.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya ta ɗauki nauyin kai ɗalibai Kalambaina kowace shekara. Kuɗin man tafiyar farko a wuyana. Gani ya kori ji.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya bar zumunci. Wassalam.